Wa Ke Riƙe da Linzamin Hira a Talabijin?

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Dosa a nan Kaduna ya aiko da takarda yana tambaya: me ya sa shahararrun mutane, masu baki da suna, in sun zauna gaban mai gabatar da shiri a talabijin sai ya riƙa juya su yadda ya so?

To Malam, mun gode da takardarka. Talabijin dai ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, nan Kaduna kuwa a 1962, zamanin Sardauna. Amma wannan dabara a Amurka ta fi bunƙasa, don haka can za mu ɗauko misali.

Abu na farko shi ne jerin tambayoyi. A 2013 wata mai shiri, Oprah Winfrey, ta zauna da Lance Armstrong, gwanin tseren keke da ya ci babbar gasar Faransa sau 7. Tun daga farko ta ce masa ya amsa da i ko a'a kawai. Bai sami hanyar kwana-kwana ba, nan take ya amsa cewa ya yi amfani da magungunan ƙarin ƙarfi da aka haramta. Duk wanda ya san ciniki a kasuwar shanu ya san abin nan: dillalin da ya fara yanke kuɗi, a kan maganarsa ake ja.

Sai kuma almakashi, wanda a ganina ya fi komai ƙarfi, ga shi mai kallo ba ya ganinsa. A 1977 David Frost na Ingila ya yi hira da Richard Nixon, shugaban Amurka da ya yi murabus a 1974. An ɗauki magana fiye da awa 28, amma a watan Mayu aka nuna kashi 4 na minti 90-90. Wanda ya zaɓi abin da za a yanke, ai shi ya yi hirar.

Akwai kuma shiru. Mai tambaya ya kame bakinsa ya zuba ido, baƙo kuwa don kunyar kyamara sai ya ci gaba da zuba.

A ƙasar Hausa, tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 hira da 'yan fim ta yawaita. Sai dai namu sun fi bi ta lallashi: a yi gaisuwa, a yabi baƙo, a tambayi asali da karatu, sai ya saki jiki sannan a jefo mai zafin.