Taron Bamako da Alƙalamin Bahaushe

Wasu marubutanmu kan ce taron manya ɓata lokaci ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita baƙaƙen Hausa, Fulatanci, Barbarci da wasu harsuna. A lokacin, Bahaushen Nijar yakan rubuta harshensa da ƙa'idar Faransanci. A 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a Damagaram, sannan a 1980 aka sake zama a Yamai don kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya. Saboda haka, 'yan'uwa, mu riƙa halartar taro. Wanda ba ya nan, da shawarar wani za a yi masa doka.