Jakar Ghana Must Go

Jiya a Agege na sayi jakar nan mai zanen ja da shuɗi, sai na tuna maƙwabcinmu, wani tela ɗan Kumasi. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ciki da 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya. A irin wannan jaka ya cusa kayansa, keken ɗinkinsa kuwa ya ba babana ajiya. Bai dawo ba. Kakata ba ta tausaya sosai ba, don su ma Busia ya koro su daga Ghana a 1969.

A 2007 Louis Vuitton ya kwaikwayi zanen da fata, attajirai suka saya. Tamu ta leda dai har yau zif ke fara lalacewa. Keken yana nan a zaurenmu.