Daga Masana'antar Hawthorne Zuwa Fom ɗin APER

Yawancin masu neman gurbin digiri na biyu a fanninmu, wato nazarin halayyar ɗan'adam a wurin aiki, suna zuwa ne da zaton za a koya musu dabarun zaburar da ma'aikata da daɗin baki. Kafin zangon farko ya ƙare sai su ga sun nutse cikin ƙididdiga. Ba mugunta malamai suke yi musu ba. Da awo aka haifi fannin, kuma duk sanda ya yi wasa da awo, talakan ma'aikaci ne ya sha wuya.

Hugo Münsterberg, Bajamushen da ya yi karatu a hannun Wilhelm Wundt a Leipzig kafin ya koma Harvard, shi ya fitar da littafin da ake ɗauka a matsayin tubalin farko a 1913. Har gwaji ya ƙirƙira wa direbobin taragon lantarki na Boston, don a gane wanda hankalinsa zai iya raba kansa tsakanin masu tafiya a ƙasa da dawaki da motoci. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Robert Yerkes da abokan aikinsa suka tsara jarrabawa biyu ga sojoji: Alpha ga masu karatu, Beta mai hotuna ga waɗanda ba su iya karanta Turanci. Mutum wajen miliyan 1.7 aka gwada. Daga baya Carl Brigham ya ɗauki sakamakon a 1923 ya ce wasu jinsuna sun fi wasu basira, alhali tambayoyin cike suke da al'adun Amurka da baƙo ba zai sani ba. A 1930 ya janye maganarsa, amma ta riga ta yi ɓarna.

Labarin da kowane ɗalibi zai ji shi ne na Hawthorne, masana'antar kamfanin Western Electric kusa da Shikago, inda aka yi bincike daga 1924 zuwa 1932. A littattafai ana taƙaita shi da cewa ma'aikaci yakan ƙara himma idan ya ga an damu da shi. Ni kuwa nakan sa ɗalibai su leƙa cikin ɗakin. 'Yan mata biyar ne a benci guda suna harhaɗa wani ƙaramin sashe na na'urar tarho. Duk wadda ta gama ɗaya sai ta jefa shi a wata kafa, na'ura ta huda takarda ta ƙirga. An ba su hutu, an kawo musu abin taɓawa, an rage awoyin aiki, aiki ya ƙaru. To, amma an kuma sauya yadda ake biyansu, sannan aka cire biyu daga cikinsu saboda wai yawan surutu, aka kawo wasu, ɗaya daga cikin sababbin ta zama mafi saurin hannu. Wanne ne ya kawo ƙaruwar? Elton Mayo, ɗaya daga cikin masu binciken, ya zaɓi bayanin da ya fi daɗin ji, duniya ta karɓa. A 2011 Steven Levitt da John List suka wallafa sabon nazarin alƙaluman wani gwaji na daban da aka yi a masana'antar, na sauya hasken fitila, suka ga tasirin da ake ta yayatawa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi burge ni a Hawthorne wani ɗaki ne na maza goma sha huɗu masu haɗa wayoyi. Su da kansu suka yanke adadin aikin da ya isa a yini, wanda ya zarce kuwa sai abokansa su kai masa naushi a dantse. Tsoronsu shi ne in aka ga suna iya fin haka, a rage musu kuɗin aiki ko a sallami wasu. Hankali ne, ba lalaci ba.

A Ingila, Eric Trist na cibiyar Tavistock da Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon mahaƙin kwal ne, suka nuna a 1951 cewa sababbin injuna sun wargaza ƙananan ƙungiyoyin mahaƙa da suka saba da juna, fashin aiki ya yawaita. A 1960 Loren Baritz ya rubuta littafi yana zarginmu da zama bayin masu kamfani, zargin da har yau nake ganin wajibi ne ɗalibi ya zauna da shi, domin mai kamfani ne ke biyanmu, ma'aikaci kuma shi muke aunawa. Kotun Ƙolin Amurka ta taimaka a 1971, a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power, da ta ce jarrabawar ɗaukar aiki da ke tankaɗe wani jinsi dole a nuna tana da alaƙa da aikin.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen nazarin halayya a 1964. Rahoton kwamitin Udoji kan aikin gwamnati na 1974 ya kawo tsarin da ma'aikaci ke ganin abin da shugabansa ya rubuta a kansa, maimakon rahoton sirri na da. Duk ma'aikacin gwamnati ya san fom ɗin APER na auna aikin shekara, ya kuma san yadda oga kan cika shi da maki mai kyau don kada a ce ya tare wa wani ƙarin girma. A nan aikin ɗalibanmu yake. Yawancin takardun tambayoyin da muke aunawa da su a Amurka aka tsara su, ga mutanen da ba sa jin nauyin faɗa wa na gaba gaskiya a rubuce. Mayar da ɗaya zuwa Hausa, da gwada ta a kan ma'aikatan jinya ko malaman firamare har a tabbatar tana auna abin da aka ce tana aunawa, ya isa kundin digiri na biyu cikakke.