Cutar Ƙanjamau a Gabashin Jihar Sakkwato

Ƙanjamau cuta ce da ƙwayar HIV mai karya garkuwar jiki ke haifarwa. Ana kamuwa da ita ta hanyar jima'i, ƙarin jinin da ba a tantance ba, allura ko askar da ba a tsabtace ba, ko kuma daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa.

An fara ba da rahoton ɓullarta a Najeriya a 1986. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kuma Sakkwato na cikin jihohin da cutar ba ta yi yawa ba.

A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, inda noma, kiwo da kamun kifi ne manyan sana'o'i, babban ƙalubale shi ne samun gwaji da magani a kan kari. Nisan asibiti, haihuwa a gida, tsoron tsangwama da hare-haren 'yan bindiga da suka raba mutane da ƙauyukansu sukan katse shan magani.

Hukumar NACA ce ke jagorantar yaƙi da cutar a matakin ƙasa. Gwamnati na ba da maganin ARV kyauta tun 2006, wata doka ta 2014 kuma ta haramta nuna wa masu cutar wariya. Maganin ba ya warkarwa, amma wanda ya lizimci shansa yakan rayu cikin ƙoshin lafiya, mai juna biyu kuma takan kare jaririnta daga kamuwa.