Kalmar "Book" da Zancen Asalin "Boko"

A tsohon Ingilishi, kafin Normawa su ci Ingila a 1066, "boc" ake cewa, kuma ba littafi kaɗai take nufi ba. Takardar mallakar ƙasa da sarki yake bayarwa ita ma "boc" ce, har ƙasar da aka samu ta haka ana kiranta "bocland". Wannan ma'ana, ta rubuta abu domin ya zama shaida, tana nan a cikin aikatau, inda Bature kan yi "book" na ɗaki, watau a shigar da sunansa cikin rajista.

Zumuncin kalmar da "Buch" ta Jamusanci tabbatacce ne. Wanda bai tsaya ba shi ne nata da "boko", ko da yake an daɗe ana faɗa wa ɗalibai haka. Paul Newman ya warware wannan a 2013. Wasalin "book" gajeren u ne, ba ya komawa dogon o a bakin Bahaushe. Sa'an nan ga "amaryar boko", wadda ba ita ce ta ainihi ba. Ma'anar nan ta algus tana cikin ƙamusun Bargery na 1934, ita ce kuwa mutanen da suka riga suka san littafi da allo suka laƙaba wa karatun Nasara.