Fim ɗin da ya yi wa tsadar aure dariya tun 1952

Duk wanda ya ratsa layukan masu tura finafinai a waya nan Hausari, ko wajen Kasuwar Litinin, ya san abin da samari da matan gida suka fi nema: Indiya-Hausa, wato fim ɗin Indiya da aka ɗora wa muryoyin Hausa. Abin da yawancinmu ba mu lura ba shi ne, kaso mai yawa na waɗannan finafinai ba daga Bombay suke fitowa ba. Na kudancin Indiya ne, kuma da yawansu da harshen Telugu aka yi su, harshen mutum fiye da miliyan 80, galibinsu a jihohin Andhra Pradesh da Telangana. Allu Arjun, da Mahesh Babu, da Prabhas na Baahubali, duk 'yan wannan gida ne. To, gidan nan yana da tarihi, kuma a cikin tarihinsa akwai wani tsohon fim da ya taɓo abin da ke hana iyayen 'yan mata barci a unguwarmu yau.

Iyayenmu dai ba da Telugu suka fara ba. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori, wato Labanawa, masu gidajen silima a Kano da sauran biranen Arewa suka soma shigo da finafinan Hindi. Suka karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi. Har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mu nan Yerwa, garin da aka kafa a 1907, da ma ƙafar fatakenmu ba ta ɗauke daga hanyar Kano, ga kuma jirgin ƙasa da ya iso a 1964. Abin da Kano ta kalla, mu ma ba mu daɗe ba muke kallonsa, daga silima zuwa talabijin, zuwa kaset ɗin bidiyo.

Me ya sa Bahaushe da Babarbare suka riƙe fim ɗin da ba su jin harshensa? Ai ba sai an fassara maka auren dole ba kafin ka gane shi. Uba mai taurin kai, suruka mai iko, yarinya mai kunya, talaka da ya hango 'yar mai kuɗi, duk mun san su a gidajenmu. Shi ya sa da littattafan soyayya suka ɓullo a Kano a shekarun 1980, irin waɗannan matsaloli marubuta suka kama, kamar Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, masana'antar da ta biyo baya ma a kan aure ta fi tsayawa.

Yanzu mu koma Madras, wadda ake kira Chennai a yau, inda ake shirya finafinan Telugu a wancan zamani. A 1952 kamfanin Vijaya na B. Nagi Reddy da Chakrapani ya fitar da Pelli Chesi Choodu, wanda L. V. Prasad ya ba da umarni. Ma'anar sunan kusan a ce: “Gwada aurar da 'ya ka gani.” Duk uban da ya taɓa haɗa kayan ɗaki ya fahimci wannan suna ba tare da sharhi ba.

A can, al'adar ita ce iyayen amarya ke biyan dangin ango dukiya kafin a karɓi 'yarsu. A labarin, an ɗaura wa Ramana aure da wata yarinya mai suna Ammadu, sai mahaifinsa ya tubure cewa sai an cika masa kuɗin da aka yi alkawari. Da ba a samu ba, ya ja ɗansa suka bar amarya. Shi kuwa ango bai yarda ya rabu da matarsa ba, kuma bai iya yi wa mahaifinsa tsaurin ido ba. Sai ya koma Madras, matar ta same shi a can suka zauna a ɓoye. Ranar da tsohon ya zo, ango ya ƙirƙiri haukan ƙarya, matar ta shiga kayan nas tana jinyarsa, ɗan'uwanta ya zama likita. Tsoho ya zauna yana ganin ladabi da hidimar wannan nas har ta shiga ransa, bai san surukar da ya ƙi saboda kuɗi ba ce. Daga ƙarshe gaskiya ta fito, kunya ta kama shi.

Masu fim ɗin ba su yi wa kowa wa'azi ba, dariya suka sa mutane suka yi wa kwaɗayinsu. Fim ɗin ya samu kasuwa sosai, har an yi shi da harshen Tamil a lokaci guda. Wanda ya fito a matsayin ango, N. T. Rama Rao, shi ne ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a 1982, ya zama babban ministan Andhra Pradesh a 1983. Jikansa, mai suna irin nasa, shi ne wanda yaranmu suka gani a RRR na 2022. Kamfanin Vijaya kuma ya ci gaba da labaran gida, irin su Missamma a 1955, da Gundamma Katha a 1962, labarin wata matar uba da ke fifita 'yar cikinta kan 'yar riƙo.

Sai dai dariya kaɗai ba ta kashe al'ada ba. A 1961 Indiya ta kafa dokar haramta karɓar wannan dukiya, amma har gobe ana karɓa, kuma har gobe kotunansu na sauraren ƙarar matan da aka azabtar saboda ita.

Wani zai ce wannan ai matsalar Indiya ce, mu namiji ke biyan sadaki, kuma sadakin haƙƙin mace ne. Haka ne. Amma mu zauna mu yi lissafi tsakani da Allah. Ango ya kawo sadaki da lefe. Uban yarinya fa? Gado, katifa, kujeru, labule, kayan kicin, ga gara da za a kai gidan miji buhu-buhu. Zamanmu da Barebari ya ƙara mana wushe-wushe da turaren wuta da sauran kyawawan al'adu, mun haɗa da namu kamu da sa lalle, kowane da kuɗinsa. Addini bai ɗora wa uba ko cokali ba, amma a bar yarinya ta tare da ɗaki ba cika, a ji abin da dangin miji za su faɗa. Gorin da ake yi wa amarya kan kayan ɗaki bai da nisa da abin da mahaifin Ramana ya yi.

Kuma a wane hali muke wannan gasa? Tun 2009 garin nan ke cikin jarrabawa, gidaje da yawa sun cika da marayu da 'yan gudun hijira. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Litinin. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwanni, ya tafi da abin da iyaye mata suka yi shekaru suna tarawa da adashi. A Kano, lokacin da gwamnati da Hisba suka fara auren zawarawa a 2012, sai da gwamnati ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki kafin auren ya yiwu. Wannan kaɗai ya nuna inda gizo ke saƙa.

Gyaran kuwa ba a hannun uban amarya yake ba, domin shi tsoron gori yake. Yana hannun gidan ango. Idan uwar ango ta aika tun kafin sa rana cewa ba su buƙatar gara, kuma duk abin da aka kawo na ɗaki sun gode, ta sauke wa maƙwabciyarta dutse. Masu unguwanni da limamanmu na iya taimakawa su sa a yi yarjejeniya a kan iyakar abin da za a kai, yadda ba wanda zai ji kunyar tsayawa a kanta. Wanda ya aurar da ɗa bana, ai shi ne zai aurar da 'ya baɗi, kuma abin da ya shuka a gidan wani shi zai girba a nasa.

Allah ya rufa wa iyaye asiri, ya ba 'ya'yanmu gidajen da za a karɓe su don halinsu.