Yadda Faransanci Ya Shiga Manhajar Firamare a Nijeriya

Kafin shekarar 1996, Faransanci bai wuce darasin zaɓi a makarantun sakandare na Nijeriya ba. A nan Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fitar a 1977 aka kuma yi wa gyara a 1981, ta ajiye shi. Ko Ƙauyen Faransanci da aka kafa a Badagiri a 1991, don ɗaliban manyan makarantu aka yi shi, saboda faɗuwar darajar naira ta sa tura su ƙetare ya gagara.

Sauyin ya zo ne ta ƙofar siyasa. A watan Nuwamba na 1995 aka dakatar da Nijeriya daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas. A ƙarshen 1996 sai Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu. Hujjar da aka bayar tana da ƙarfi: Binin da Nijar da Cadi da Kamaru duk da Faransanci suke gudanar da mulki a lokacin. Sai dai ɗan kasuwar Jibiya da takwaransa na Maraɗi da Hausa suke ciniki, kuma ba su taɓa neman tafinta ba.

Bugun 1998 na Manufar Ilmi ya shigar da wannan sanarwa, na 2004 kuma ya fayyace cewa darasin tilas ne a firamare da ƙaramar sakandare, aka sa farawarsa a aji huɗu. A nan ne gizo ke saƙa. Manufar ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekaru uku na farko, sannan Ingilishi ya karɓi ragama daga aji huɗu. Ke nan a shekarar da yaro ke fafutukar fahimtar lissafi da Ingilishi aka ɗora masa wani baƙon harshen.

Ga kuma matsalar malamai. Horar da malami a kwalejin ilmi kan ci shekara uku, amma doka ta riga horon fitowa. Makarantun kuɗi na birane suka ɗauki malamai, wasu daga Binin da Togo, yayin da a yawancin makarantun gwamnati na karkara darasin ya tsaya a kan takarda.